Gwaggona Mai Bin Sawun Ruwa

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Gwaggona, yayar mahaifina, wadda ta ɗauke ni riƙo tun daga yaye, ta riga mu tafiya a farkon kakar nan, gero yana zube a gonaki ba a gama ɗaure shi ba. Ba ta yi doguwar jinya ba. Ta yi sallar azahar a zaune, ta ce a dama mata fura, kafin a kawo mata, ta cika.

Na zaci zaman makokin zai yi nauyi. Ranar farko kam an sha kuka, ni ma na yi har muryata ta dushe. Amma daga washegari abin ya sake. Mata suka yi ta shigowa, na cikin Birnin Damagaram, na Zango, wasu a kan jakuna daga Mirriya da Durum. Kowace ta durƙusa ta ce mana ya haƙuri, ta nemi wuri ta zauna shiru. Ba a jimawa sai wata ta ce, "Kun tuna ranar da ta shigo gidanmu?" Shi ke nan, sai ka ga kafaɗu suna rawa, ana danne dariya.

Wata tsohuwa, matar wani falke daga Zango, ta ce, "Ni fa damina guda na yi ina dukan yara, wai su ke yi mini fitsari a gindin bango. Ta zo ta durƙusa ta sansana wurin, ta ce mini, 'Ke, je ki nemi gafarar 'ya'yanki. Gafiya ce ta huda miki rariya.'"

Wata daga Mirriya ta karɓe. "Ni zagi na sha. Ta ce makubar da na jiƙa don daɓe ko kaza ba za ta rina ba. Ta zage ni tas a gaban surukaina, sannan ta ɗaura ɗamara ta daɓe mini wurin wanka da hannunta. Jikokina a kansa suke wanka har yau."

Har liman ya aiko daga zaure, wai mata su sassauta murya, gidan rasuwa ne. Ni ban hana kowa ba. Da tana nan, muryarta ce za ta fara isa zauren.

Abin da ya sa na ce sai na faɗi nata shi ne, 'yan matan yanzu tsohuwa mai sanda da faɗa kawai suka sani. Mai sarauta ana yi masa kirari, malami almajiransa su riƙe sunansa. Wadda aikinta yake bayan gida kuwa, wa zai tashi a taro ya ambace ta? Alhali rabin matan Birni a kan aikin hannunta suke tsayuwa kowace safiya. Ni kuma bashin da ke kaina ya wuce na daɓe, don ba don ita ba, da tuni an raba ni da gidan da na tsufa a ciki.

Mijinta magini ne. Ya rasu ya bar ta ba ɗa a raye, sai sanin ƙasa da ta tsinta a wurinsa: yadda ake kwaɓa laso da katsin marina da gashin jima da dafara, har ya zama ruwa ba ya ratsa shi. Ta haɗa wannan da daɓe, wanda dama aikin mata ne. Magini namiji ne, kafin ya shiga cikin gida sai an tura mata ɗaka sun yini a rufe, kuma wane maigida ne yake so ya nuna wa ƙato inda iyalinsa ke wanka? Saboda haka sai a yi ta kallon makewayi yana lalacewa ana kawar da kai, har ranar da bango zai zauna. Gwaggo kuwa ba ƙofar da ke tsai da ita. Ta yi sallama, ta ƙara da "wushe, wushe" gaisuwa irin ta uwarsu Babarbariya, ta wuce kai tsaye inda ake jin kunyar nunawa.

In aka nuna mata inda bango ya yi naso, ko kallon kirki ba ta yi masa. "Nan ruwa ya gaji ne ya fito," in ji ta. "Ni inda ya shiga nake nema." Sai ta tuɓe takalmi ta bi daɓen da tafin ƙafa, ta tsuguna tana ƙwanƙwasa shi da ƙashin yatsa, kunnenta a karkace. Inda ya amsa da ƙarar wofi, ta zana da gawayi. Akwai abin da ban taɓa iya kallo ba: farin gishirin nan da ke fitowa a gindin bango, sai ta kankaro shi da farce ta ɗana a harshe. In ta ji kanwa-kanwa ta ce ruwan wanka ne, in ta tofar da sauri ta ce salga ce ta cika. Na ce mata, "Gwaggo, wallahi ba zan ƙara shan ruwa a moɗarki ba." Ta ce, "Madalla, ruwana ya huta."

Tana kuma da tambayar da ke sa matan gida sunkuyar da kai. "Wa ke tsayawa a wannan kusurwa?" Don ta ce kowane mutum wuri guda yake tsayawa ya kwara ruwa, shekara da shekaru, har ya ci daɓen. In aka ce maigida ne, sai ta auna kwarin da tafin hannu ta ce, "Ai na ga alama. A rage masa tuwo."

Wanda bai san Damagaram ba zai yi mamaki. Garin da mace ke sammako rijiya ta dawo da rana tsaka da tulu guda, a ce ruwa ya kayar da bango. Amma Birni a kan dutse yake zaune. Ɗan ruwan da ka zubar ba ya nutsewa ya tafi abinsa, yakan tarar da dutse a ƙasa ya bi bayansa a hankali, ya je ya ɓullo a ɗakin wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Wannan ne ya same mu, a shekarun da Nasara suka zauna da gindinsu suna gina barikinsu. Lokotoronsu, wato likita, ya ce ruwan da ke kwanciya a lungu shi ke haifar da sauro, kumandan ya ba da oda kada a ƙara ganin rariyar kowa tana zuba a hanya. Gardi suka riƙa zagawa da jajayen huluna da bulala. Gidan da aka tarar da ruwa a bayansa, maigidan zai je ya yi ta ɗaukar duwatsu a bariki. Nan da nan kowa ya cusa tsumma da laka ya toshe rariyarsa, ya haƙa kwatami a cikin gida. Gwaggo ta bi gida gida tana cewa, "Kun ɓoye wa gardi ruwa, kun kai shi ƙarƙashin gadonku." Ba wanda ya saurare ta, bulala ta fi ta ƙarfin murya.

Maigidana baduku ne, yayansa kuma fataucin fata yake yi. Da mahaifinsu ya rasu sai suka raba gidan da bango, amma zaure guda, akushi guda. Wuraren wankanmu suna jingine da bangon nan, namu ta nan, nasu ta can, kusa da ɗakin da Yaya ke ajiye fatunsa. Matarsa, faccalata, ita ce ta karɓi haihuwata duka. Ta kan bangon muke miƙa wa juna wuta da gishiri da tsegumi. Ban da Gwaggo, ba ni da wadda ta kai ta a duniya.

Bayan toshe rariya da 'yan watanni, bangon ya fara naso. Danshi ya bi gindinsa ya shiga ɗakin fatu, jar fata mai kyau ta yi furfura. Yaya ya ce ruwanmu ne, don kwataminmu ya fi kusa. Maigidana ya ce nasu ne, don su ke da tarin yara. Magana ta yi tsami har aka tono abin da ya faru tun suna wasan ƙasa. Aka raba akushi. Yaya ya hana matarsa zagayowa wurina, ni ma aka hana ni leƙa bango. Rannan maigidana ya shigo ya ce ya sami fili a Zango, da an yi girbi za mu tashi.

Wanda ke yawo da ƙafarsa zai ce Zango ai nan kusa ne. Ga matar da ke cikin kulle, Zango da Kano duk ɗaya. Sai suna, sai mutuwa, shi ma in an yarda. Na yi kuka har na ƙoshi, sannan na aika wa Gwaggo cewa bangonmu ya yi naso. Ban ce komai game da tashi ba, amma wace magana ce ke kwana a Birni ba ta ji ba?

Ta zo da hantsi, kwandonta a ka. Maigidana yana jin sallamarta ya tuɓe takalmi ya durƙusa, idonsa a ƙasa, don ita ce surukarsa ta gaske, ita ta aurar da ni. Ta amsa gaisuwa a taƙaice, ta sa aka kira Yaya. Ba ta kiran sunansu, sai Babba da Ƙarami.

"Ƙarami, ka kawo mini karan dafin da kake rina jar fata. Babba, ka aika marina a ɗebo mini ruwan baba mai kauri."

Yaya ya ce, "Gwaggo, ai abin a fili yake. In kika duba ta wajensu..."

"Kai ka kira ni?"

"A'a."

"To, je ka kawo baba."

Ta kwara jan ruwa a daɓenmu da kwataminmu, ta zaga ta kwara shuɗi a nasu. Ta ce launin da ya ɓullo a bango shi zai nuna inda ruwa ya shiga. Mazan biyu suka ji daɗin wannan hukunci, kowa yana ganin shi zai yi dariya. Sannan ta sa aka jingina zana a bangon ta kowane ɓangare, ta ɗaure, ta ce wanda ya ɗaga ya leƙa, ita da shi ne. Ta hana wanka a wurin. Kwanakin nan mun sha kallo. Yaya, da girmansa da tumbinsa, yana fita da buta da ƙwarya yana neman inda zai raɓa a gidan maƙwabta, yara suna binsa da ido.

Ranar da ta dawo, ta kore mu duka zuwa tsakar gida, ta shiga bayan zana ita kaɗai da 'yar fartanyarta. Can sai muka ji sara. Ta yi ta sara tana zuba ƙasar a kwando tana rufewa da tsumma, ta ɗauka da kanta ta kai kududdufi ta juye, ta dawo ta ci gaba. Kafin azahar, duk inda ya jiƙe a bangon ta sare shi. Da ta janye zana, sai ga kafa wadda mutum zai sunkuya ya wuce, ga faccalata tsaye ta can da ludayi a hannu tana kallona.

Maigidana ba shi da bakin tambayar surukarsa. Yaya ne ya yi ƙarfin hali.

"Gwaggo, wane launi kika gani?"

"Na ga abin da na zo gani."

"Ja ne ko shuɗi?"

"Babba, gyaran bango aka kira ni. In shari'a kake so, alƙali yana ƙofar fada, ka ɗauki ƙasar ka kai masa. Tana cikin kududdufi."

Ta juya ta fara ba da aiki kamar ba a yi magana ba. A fasa daɓen duka biyu. A cike kwatamin duka biyu da duwatsu da ƙasa, a danne. Ta bi dutsen da ke ƙarƙashin gidan da sandarta har ta gano inda ya tsage, can bayan gida wajen turken awaki, ta ce nan ruwa zai tafi, ba lungu ba, ba gindin bango ba. Ta sa aka tattaro wuyan fasassun tuluna daga unguwa, ta jera su baki cikin baki ta liƙe gaɓoɓin da laso, suka zama hanyar ruwa guda wadda wuraren wankan biyu ke zuba a ciki. Gardi sun kwashe jakunan unguwa zuwa aikin bariki, saboda haka wa da ƙane su suka yi jigilar marmara, a buhun fata guda, kowa riƙe da kunne ɗaya. Ba su yi wa juna magana ba, amma dole su daidaita taku.

Ranar daɓe kuwa biki aka yi. Matan unguwa suka cika gidajen biyu, kowace da madaɓinta, muka jeru a durƙushe muna dukan tsakuwa da waƙa, ana yayyafa makuba har ƙasa ta yi baƙi tana sheƙi. Gwaggo tana tsaye a kanmu tana zuba ruwa kaɗan kaɗan daga buta, tana kallon inda zai gangara. In ya tsaya ko da faɗin tafin hannu ne, sai a sake wurin. "Ke mai jan zane, dukan ƙasa ake, ba lallashin miji ba." Aka tuƙa tuwo tukunya guda ga gida biyu, ana miƙa akusa ta kafar bangon. Ni da faccalata muka daɓe kusurwa guda, kafaɗa da kafaɗa, muna dariya ba dalili.

Da yamma Yaya ya tambayi yaushe za a toshe kafar. Gwaggo ta ce bangon da ya sha ruwa, in aka rufe shi da danshinsa, daga ciki zai ruɓe. Sai iska ta ratsa shi ya bushe sarai. Wannan gaskiya ne, kowane magini zai faɗa maka haka. Amma na ga ta sa an gitta azara a saman kafar ta ɗaure ta da laka mai kyau, kuma ni a gidan magini na tashi, na san ba a yi wa ramin da za a toshe jibi azara. Na dubi faccalata, ta dube ni, muka ja bakinmu muka tsuke.

Maigidana bai janye maganar Zango ba. Amma mutum ne mai gudun abin faɗa. Ya ce ba zai tashi ya bar gidan ubansa a huje ba, a ce ya yi ɓarna ya gudu. Ranar da aka toshe kafar, washegari za mu ɗaura kaya. Yaya kuma ba zai kawo wani magini a kan aikin da Gwaggo ta fara ba, ko da ya so, wa zai yarda ya sa hannu? Sai magana ta koma wuri guda: ranar da Gwaggo za ta ce ya bushe.

Aka yi girbi, ta zo. Ta sunkuya ta ɗora tafin hannu a gefen kafar, ta lumshe ido, ta daɗe. Ta ce, "Da saura." Aka shiga sanyi, ta ce da saura. Bazara ta zo, irin wadda duwatsun Birni ke ƙona ƙafa ta cikin takalmi, ta taɓa ta ce da saura.

Yaya ya ce, "Haba Gwaggo. Rijiyoyi ma sun ƙafe."

"Rijiya daban, bango daban. Kai fata ka sani. Na taɓa zuwa na koya maka jima?"

Kafin nan yara sun mai da kafar hanyarsu. Miya tana wucewa, garwashi yana wucewa. Da na haihu a daminar, faccalata ta nan ta shigo, ba wanda ya ce mata don me. Ranar suna ragon ya tsinke ya faɗa gidan Yaya, Yaya ya biyo shi da gudu, sai ga shi ya sunkuyo ta kafar, rawani a karkace, ya yi kiciɓis da ƙanensa riƙe da igiya. Suka tsaya suna haki. Ban san wanda ya fara dariya ba. A ranar aka koma akushi guda, filin Zango kuma wani ya gina shi.

Duk da haka ba a daina tambayar ba, ita ma ba ta daina amsawa ba. Kowace shekara in ta zo gaisuwar salla, Yaya zai ce, "Gwaggo, a duba mana bango." Ta taɓa, ta ce da saura, ya girgiza kai ya ce Allah ya kyauta. Kafaɗunmu suka goge gefen kafar har ya yi santsi. Launin da ta gani kuwa, na tambaye ta da ta tsufa, mu biyu kaɗai. Ta ce in matsa mata ƙafa in daina surutu.

Allah ya jiƙanta, ya yalwata mata makwanci, ya sanyaya shi. Ya sa wahalar da ta sha a durƙushe a makewayin mutane ta zama mata haske, ya yafe mata zagin da ta yi mana, don mu mun yafe tun a lokacin.

Bayan an tashi daga zaman makoki, babban ɗan Yaya, wanda ke shirin ƙara ɗaki a sashensu, ya sa aka sauke tubali a tsakar gida. Ya ce tunda mai dubawa ta tafi, kuma kowa ya san bangon nan ya bushe tun yana yaro, gara a toshe ya jingina gininsa a nan. Ba da mugunta ya faɗa ba. Amma faccalata ta kama hannuna ta riƙe. Mun tsufa, zagayowa ta zaure ya fi ƙarfin gwiwoyinmu.

Yaya ya fito daga ɗaki yana dogara sanda. Ya isa bakin kafar, ya miƙa wa ƙanensa sandar, ya sunkuya da ƙyar har muna jin ƙashin bayansa. Ya ɗora tafin hannu a bangon, ya lumshe ido, ya daɗe.

Ya ce, "Da saura."

Maigidana ya matso ya ɗora nasa hannun kusa da na yayansa. "Ƙwarai kuwa, Yaya. Ni ma na ji danshi."